A Ga Tukunya Kafin a Soki Fata

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne, sana'ar da ba ta barin mutum ya ci tuwon gidansa. Daga lokacin da aka fara cire albasa a fadamun Galmi da Dogarawa har a loda tirela ta ƙarshe mai gangarawa Abijan ko Akara, abincinsa na bakin hanya ne. Shekara shida ke nan da likita ya ɗora shi a kan allurar insulin, kuma ya riƙe ka'idarta yadda yake riƙe lissafin buhu: saura rabin awa a ci abinci, a yi allura.

Wata rana cikin bazara na raka shi Ƙonni. Da muka idar da azahar ya ratse bayan shagon wani abokinsa, ya ɗage riga ya yi allurarsa, muka nufi rumfar matar da ya saba cin abinci a wurinta.

"Hajiya, a zubo mana shinkafa da wake, na dala ɗari-ɗari."

"Ayya Alhaji, yanzun nan 'yan mota suka share tukunyar farko. Ga ta biyu a wuta, yanzu-yanzu za ta nuna."

Kowa ya san tsawon "yanzu-yanzu" a bakin mai abinci. Muka zauna a benci. Ga mai masa can gefe, ga yaro da tiren burodi yana kai da kawowa, amma dattijo mai furfura, wanda rabin tashar nan ke gaishe shi da Alhaji, ya tsaya yana tura masa a baki a gaban jama'a? Bai ko dubi wajen ba. Can na ga gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Na ce, "Kawu, lafiya?" Sai ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Hannunsa na rawa, magana ta fara sarƙewa, yana kiran sunan wani direba da ya rasu tun bara. Nan da nan aka kewaye mu. Wani ya ce rana ce ta buge shi, wani ya ce a nemo malam a yi tofi. Mai shayin da ke maƙwabtaka da rumfar, wanda ashe mahaifiyarsa na da ciwon sukari, shi ne bai ce komai ba: ya jefa ƙwayar sukari huɗu a kofi, ya dama da ruwa, ya riƙe wa Kawu ya shanye. Kafin kwata ɗin awa idonsa ya dawo daidai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko shinkafar ta nuna.

Ban ga laifin Hajiya ba, kuma Kawu bai karya dokar likita ba. Abin da ya faru shi ne allura na da agogo, tukunyar tasha kuwa ba ta da shi. Da zarar ruwan maganin ya shiga ƙarƙashin fata ba mai kiransa ya dawo. Zai yi aikinsa ko ciki na da abinci ko babu.

Birnin Ƙonni gari ne na masu wucewa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ta ratsa shi bayan kimanin kilomita 420. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanyar Tawa ta ɓalle ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri cikin gundumar Illela. Kudu kuwa iyaka ce, da wata Illelar ta jihar Sakkwato. Baƙo kan rikita biyun: ta Nijar ita ce mazaunin Sarkin Adar, ta Najeriya kasuwar bakin iyaka ce. A gabas ga Malbaza, mai masana'antar siminti tun shekarun 1960, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Cikinta ne Galmi take, garin albasa da kuma asibitin da mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Direbobin tirela, 'yan kamasho, 'yan canji, 'yan kabu-kabu, ma'aikatan duwan, leburorin lodi, malamin makarantar da aka turo daga nesa ya bar iyali a gida: dubban mutane a wannan yanki abincin ranarsu na saye ne. Cikinsu akwai masu ciwon sukari, waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba.

Binciken da ma'aikatar lafiya ta Nijar ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007 ya sami ciwon a jikin kashi 4.3 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da shi a duniya, miliyan 24 a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkan ba a taɓa gwada su an gaya musu ba. Amma alƙaluman da suka fi ba ni tunani daga maƙwabta suka fito. Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun gwada Fulanin da ke zaune cikin birnin Sakkwato suka sami kashi 4.6, suka gwada na karkara suka sami ƙasa da kashi ɗaya. Jini ɗaya, ƙasa ɗaya. Bambancin yana ga abin da ake ci da yadda ake wuni. Wanda ya bar kiwo da noma ya dawo tasha, ya sauya fura da shinkafa da taliya, ya sauya tafiyar ƙasa da babur, ya ƙaura daga wancan lissafi zuwa wannan.

Kwalba garau, kwalba mai hazo

Insulin sinadari ne da wata halitta da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take zubawa cikin jini duk lokacin da aka ci abinci, domin sukari ya bar jini ya shiga tsoka. Mai lafiya bai san ana yi ba: ya ci loma biyu, a zubo kaɗan, ya cika ciki, a zubo da yawa, ya wuni bai ci ba, a rage. Tun da Banting da Best suka tace shi a Toronto a 1921, aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson a Janairun 1922, abin da masu allura ke fama da shi ke nan: su yi da hannu da agogo abin da jiki ke yi ba tare da shawara da kowa ba.

Kuma ba duk insulin ne iri ɗaya ba. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don sau tari majiyyaci bai san sunan nasa ba, "allurata" kawai yake cewa.

Akwai mai garau kamar ruwa, irin su Actrapid. Wannan sai ya yi kusan rabin awa kafin ya soma aiki, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa biyu zuwa huɗu, ya kuma ja har awa shida zuwa takwas. Shi ne na Kawu. Akwai mai hazo kamar tsinkakken nono, irin su Insulatard, wanda ake mirza kwalbarsa a tafin hannu kafin a zuƙa. Shi a hankali yake tafiya, ƙarfinsa na zuwa bayan awa huɗu zuwa goma. Akwai gauraye, Mixtard 30, kashi 30 na mai garau da kashi 70 na mai hazo, wanda aka fi rubutawa safe da yamma saboda sauƙinsa. Sannan akwai na zamani masu sauri, Humalog da NovoRapid da Apidra, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996: minti goma zuwa ashirin sun kama aiki, awa uku zuwa biyar sun gama. Sun fi tsada, kuma an fi samunsu a manyan birane. Irin su Lantus kuwa na shimfiɗa ne, sau ɗaya a yini, ba ruwansa da lokacin cin abinci, kuma ba a tsallake shi don abinci ya makara.

Shawarar da ake ba mai ciwon sukari a Faransa ko Amurka idan zai shiga gidan abinci ita ce kada ya yi allura sai faranti ya sauka gabansa. Shawara ce mai kyau, amma an ɗinka ta ne a jikin mai NovoRapid. Mai Actrapid da ya yi allura tare da lomar farko, shinkafa za ta riga maganin isa jini, sukari ya yi sama. Can wajen la'asar, abinci ya narke ya wuce, sai maganin ya iso da dukkan ƙarfinsa ya tarar da fili, sukari ya faɗo, wataƙila mutum na cikin mota tsakanin Madawa da Maraɗi. In kuma ya yi allurar da wuri bisa alkawarin "yanzu-yanzu", abin da ya sami Kawu ke nan. Gaba kura, baya sayaki. Cikin biyun dai hawan awa ɗaya ko biyu ya fi sauƙi, domin faɗuwa ita ce mai kayar da mutum nan take.

To amma rumfar mai tuwo na da wata falala da babban otal ba shi da ita, kuma ban ji ana faɗinta ba. A otal sai ka zaɓa sannan a shiga dafawa. A rumfa abinci dafaffe ne, yana cikin tukunya ko kula, murfi kawai ya raba ku. Don haka mai allurar rabin awa na iya juya tsarin: ya fara zuwa rumfar, ya ga abincin da idonsa, ya biya, a zuba masa a rufe a ajiye. Sannan ya je ya yi allura, ya yi alwala, ya yi azahar, ya ɗan taɓa lazimi. Kafin ya dawo rabin awar ta cika ko ta kusa, kuma kwanonsa na nan ko da motoci goma sun tsaya a bayansa. Sharaɗi ɗaya ne: in gwaji ya nuna sukarin dama a ƙasa yake, babu zancen jira, a fara gyara shi tukuna.

Hon ɗin direba

Matafiyi a babbar mota nasa ya fi wuya. Motocin Yamai kan tsaya a Ƙonni a yi salla a ci abinci, amma tsayuwar ta direba ce. Da ya danna hon, wanda ke tsakiyar kwano sai ya ajiye. Wanda ya yi allurar cikakken kwano ya ci rabi ya ɗauko wa kansa rigima. Dabarar ita ce a sayi abincin a roba a shiga da shi mota, a yi allura tun motar na tsaye, a ci a kujera idan lokaci ya yi.

Mai Mixtard kuwa sai ya ƙara kula, don allurar da ya yi da safe ta riga ta ci bashin abincin rana. Kashi saba'in ɗin nan mai hazo zai taso tsakar rana ko mota ta lalace a daji, ko an tsaya a shingen bincike, ko ruwa ya yanke hanya da damina. Bai yi wata allura da rana ba, amma dole ya ci, kuma a kan lokaci. Irin wannan ba ya barin gida sai da guzuri iri biyu: na gaggawa, wato ƙwayar sukari ko lemun kwalba mai zaƙi, da na riƙo, kamar burodi, biskit ko dabino da gyaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a aljihu ake sa su, kada a tura cikin jakar da ke ƙarƙashin mota, buhu goma a kanta.

Direban da kansa ke allura, musamman mai jan tirelar siminti ko albasa, ya ɗauki rayukan mutane tare da nasa. A Ingila ka'idar da aka gindaya wa irinsa ita ce ya gwada kafin ya tayar da mota, ya maimaita duk bayan awa biyu, in kuma sukarin ya faɗi ya tsaya, ya sha zaƙi, ya jira minti 45 bayan ya daidaita kafin ya koma sitiyari, saboda ƙwaƙwalwa na makara wajen dawowa. Ba na jin hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ta fi ta Landan yafiya.

Abin da ke cikin kwanon

Lokaci rabin magana ne, sauran rabin yawan sitacin da aka ci. A nan ba takardar da za ta gaya maka abin da ke cikin faranti. Giram ɗari na dafaffiyar shinkafa na ɗauke da kimanin giram 28 na abin da zai rikiɗe ya zama sukari. Burodi kuwa kusan rabin nauyinsa ne. Amma wa ke yawo da sikeli a tasha? Ma'aunin da ke hannu shi ne cokalin mai abinci da malmalar mai tuwo. Shi ya sa nake ganin mai allura ya fi kowa bukatar zama ɗan gida a rumfa ɗaya ko biyu. In kullum cokali uku na mace ɗaya yake ci, ya gwada jininsa bayan awa biyu sau 'yan kaɗan, zai san abin da cokali ukun ke yi masa. Abin da likitoci suka fi nema a wannan gwaji shi ne ƙasa da giram 1.80 cikin lita. In kullum yana haurawa, sai a kai wa likita lissafin, shi zai taɓa yawan maganin.

Babbar matsalar kwanon tasha ita ce "a haɗa mini": shinkafa, a ɗora taliya, a kawo doya ko dankali, a tura da burodi, a kora da lemu. Sitaci huɗu da sukari, suna ɗaya, abincin rana. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa sauƙi, domin wake na rage gudun narkewa. Kuma Allah ya hore wa yankin nan ganye: madatsun Mozage da Zongo na shayar da lambunan Ƙonni, kabeji da tumatir da latas da zogale ba su yanke ba da rani. A rage cokali ɗaya na shinkafa a cike gurbin da kwaɗon zogale, kuɗin bai ƙaru ba.

Fura, ko hura a bakin Adarawa, abin a tsaya a kanta ne, don mutane na ɗaukarta abin sha, ba sa lissafa ta cikin abinci. Gero ne dafaffe, an dama shi ya yi laushi, sau da yawa an zuba sukari tun kafin mai saye ya iso. Abin da aka sha kuwa ya fi abin da aka tauna saurin isa jini. Ba sai an haramta wa Ba'adare fura ba, wannan ma ba mai ji. A dai sa a dama ta a gabanka, nono ya fi yawa, ba sukari, kuma a san ita ce abincin, kada a ɗora ta bisa tuwo. Haka teburin mai shayi: madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne, ga cokali biyu ko uku da yake ƙarawa don kada a ce ya yi rowa, ga rabin burodi. Shayin buta da ake zagayawa da shi a majalisa, ƙaramin kofi ne amma zuma ce. Lemun malt da ake kai wa mara lafiya wai yana ƙara jini, sukari ne shi ma.

Mai nama kuma tarkonsa ta ɗaya gefen yake. Tsire, balangu, kilishi, gasasshiyar kaza ko zabo, kusan babu sitaci cikinsu. Wanda ya yi allurar abincin dare cikakkiya ya zauna ya ci nama zalla, sukarinsa zai faɗi, wataƙila yana barci. In kuma ya haɗa naman da masa mai maiƙo ko soyayyen dankali, kitse kan riƙe abinci a tumbi, sai hawan ya makara, ya zo bayan awa uku ko huɗu. Ga shi gashi ba ya da alkawari: "saura kaɗan" na mai tukuba ƙanen "yanzu-yanzu" ne.

Agogo ɗaya, ma'auni biyu

Tsakanin Ƙonni da Sakkwato ba a gyara agogo, amma ana sauya ma'aunin sukari, kuma mutanen nan na zuwa asibiti da kantin magani a ɓangarorin biyu. A Nijar, bisa tsarin Faransa, da giram cikin lita ake faɗa: 1.26 kafin karin kumallo shi ne bakin ciwon. A Najeriya wannan adadin shi ne 126 a wasu na'urori, 7.0 a wasu. Faɗuwar sukari na farawa daga ƙasa da 0.70, wato 70, wato 3.9. Mutumin da ya saba jin "ɗaya da ɗigo biyu" a likitar garinsu, ɗansa ya aiko masa da na'ura daga Kano ta nuna masa 3.5, zai iya ɗauka sukarinsa ya yi mugun hawa har ya ƙara allura, alhali a ƙasa yake, zaƙi yake bukata. Duk wanda ya sayi na'ura ya kai ta wurin ma'aikacin lafiya a rubuta masa lambobi biyu a bayanta: wadda in an yi ƙasa da ita a sha sukari, da wadda in an haura ta a nufi asibiti. Haka ma sirinji: yawancin kwalabe awo 100 ne cikin kowane mililita, kuma sirinjin da aka zana don awo 40 ba ya auna su daidai. A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji su zama ɗaya.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a nan kan wuce 40. Zafi na buɗe hanyoyin jini na fata, maganin ya shige da sauri fiye da yadda aka saba, ga gumin faɗuwar sukari ya saje da gumin rana, ba mai lura. Kwalbar kanta ba ta son rana. Ka'idar kamfanoni ita ce wadda ba a buɗe ba ta zauna a firji tsakanin 2 da 8, wadda aka fara kuwa a gama da ita cikin kimanin mako huɗu. Firji kuma sai da wuta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke lantarkin da take turowa, magunguna suka yi ƙaranci, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe, masu allura a yankin nan sun ga abin da dogaro da firji da hanya ke nufi.

Labari mai daɗi shi ne insulin ya fi yadda ake zato juriya. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba sun buga sakamakon gwajin da suka yi bisa yanayin sansanin Dagahaley na arewacin Kenya, inda zafi ke kai da kawo tsakanin 25 da 37: har mako huɗu maganin bai rasa ƙarfinsa ba. Dabarar kakanninmu ma na aiki. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Irinta ce masu ciwon sukari a Sudan da Mali ke ajiye magani a ciki. A hanya kuwa jiƙaƙƙen ƙyalle cikin 'yar jaka a inuwa ya wadatar. Abin gudu shi ne gaban mota inda rana ke duka, akwatin babur, da ɗora kwalba kai tsaye bisa ƙanƙara, don wanda ya daskare ya mutu ko da ya narke.

Kunya

Duk wannan lissafi mai sauƙi ne idan aka gwada shi da abin da ya hana Kawu sayen masar dala biyar. Mu mutane ne da ba ma son a ga muna ci a hanya, ba ma son a ga cikinmu a buɗe, ba ma kuma son a san ciwonmu. Matashi na tsoron a gan shi da sirinji a ce ɗan ƙwaya ne. Budurwa na tsoron labari ya kai gidan da ke nemanta. Don haka sai a yi allura a ɓoye tun a gida, a fito ana fatan abinci zai zo a kan kari.

Wurin da wannan ya fi cutarwa shi ne taro: ɗaurin aure, suna, walima, sadakar bakwai. An ce ƙarfe ɗaya, abinci ya fito ƙarfe uku da rabi. Da ya fito kuma tire ɗaya ne mutum shida, ba ka san ko loma nawa ka kai ba, mai gida na tsaye yana cewa ai ba ka ci komai ba, an dire maka lemu. Mata sun fi shan wannan, su da ke wuni gidan biki, sau da yawa ma su ne a bakin murhu, sai kowa ya ci su ci. A nan ba a yin allurar abinci sai tire ya sauka, kuma wanda ke kan gauraye ya ci wani abu a lokacinsa na kullum ko da a ɗaki ne, ya ɗauki na bikin a matsayin ƙari kaɗan. In zai yiwu a roƙi kwano daban. Ba raini ba ne, kuma mai gidan da aka raɗa wa dalili ba zai ƙi ba.

Lallai ne mutum ɗaya aƙalla a wurin ya sani, kuma ya san alamun: gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri, faɗa ba dalili, magana kamar ta mai maye. In mutum na iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari, wato ƙwaya uku zuwa huɗu ko rabin ƙaramar kwalbar lemu mai zaƙi, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara. Da ya farfaɗo a bi da abinci mai riƙe ciki. Kilishi ko gyaɗa ba sa wannan aiki, sun yi nauyin tafiya. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti mafi kusa, a gaya musu yana allurar insulin. Addu'a ba ta hana wannan, a yi ta a cikin mota. Masu shan ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, su ma sukarinsu na faɗuwa haka in abinci ya makara, kuma nasu kan daɗe. Da za a tara masu abinci da masu shayi da yaran mota na tashoshin Ƙonni da Malbaza da Badagishiri a koya musu wannan cikin awa ɗaya, ina ganin da an yi aikin da ya fi tarukan 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, da ake yi a zauren otal.

Azumi babi ne mai zaman kansa, kuma shirinsa da likita ake yi tun Sha'aban. Abin da ya shafi matafiyi kawai zan taɓa: jagororin da likitoci da malamai suka yi ittifaƙi a kansu sun ce a karya in sukari ya yi ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3, kuma tsaga yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Wanda magariba ta riske shi a tasha, ga kunu ga dabino ga ƙanƙarar zoɓo, sai ya tuna duka ukun zaƙi ne.

Kawu bai sauya magani ba, bai kuma sauya rumfa ba. A aljihunsa na dama, inda goro ke zama a da, yanzu akwai ɗan gwangwani mai ƙwayar sukari shida. In ya iso, kafin gaisuwa ta yi nisa zai ce, "Hajiya, buɗe in gani." Ta ɗaga murfi, ya leƙa, ta zuba cokali uku da zogale a gefe, ta kife da faifai ta tura ƙarƙashin tebur, shi kuma ya wuce masallaci. Ranar da 'yan mota suka riga shi, tun daga bakin kwalta take ɗaga masa ludayi tana kaɗawa, kwalbar na nan cikin jiƙaƙƙen ƙyallenta bai ko kwance ba.